Fim na ajiyewa da shirin da ake kallo a goge

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan kallo suka zo, daga mai neman abin da zai sa wa tsohonsa har mai neman tele na ɗakin amarya. Na zaɓi huɗu.

"Kawu, barka da aiki. Ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Tsohona ya bar aiki, ciwon ƙafa ya hana shi fita fada, yini yake gaban tele. Na sa mishi shirye-shirye masu dogon zango da muke kallo, ya ce surutu ne kawai. Ina so in sayi kile, wato ɗan filas na USB, in cika mishi da finafinai. Wane iri zan saya, kuma me zan zuba a ciki?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Kafin ka je kasuwa, zauna kusa da shi ka tambaye shi abin da ya kalla yana saurayi. Mutanen zamaninsa labari suke riƙewa, sunan fim bai dame su ba. Zai ce maka "wanda uwa ta harbe ɗanta", to Mother India yake nufi, na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis ta fito a uwar. Da ni ne, da shi zan fara. Manomiya ce, mijinta ya rasa hannuwansa wajen aikin gona ya bar gida, mai ba da bashi da ruwa ya shaƙe wuyan gidan shekara da shekaru, kowace kaka sai ya zo ya kwashe mafi yawan amfanin. Duk wanda ya taɓa zama ƙauyukan Gidan Rumji ko Madarunfa, ya ga manomi ya ci bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka, ba sai an fassara masa fim ɗin nan ba. Abin da ya sa iyayenmu suka zubar da hawaye a silima ke nan alhali ba sa jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Ka haɗa masa da Sholay na 1975. Ya haura awa 3, amma ban taɓa ganin wanda ya tashi a tsakiyarsa ba, kuma har yau ban ga bos ɗin da ya kai na cikinsa ban tsoro ba.

Ka nemo masa su da muryoyinsu na asali. Fassarar Hausa da ake yi wa finafinan Indiya yanzu tana da daɗinta, yara na sonta, sai dai masu fassarar kan cusa barkwanci a wurin da fim ke kuka. Dattijo da ya san wurin zai ji kamar an yi dariya a gidan makoki.

Sai namu na gida, waɗanda su ne suka fi damuna, don matasa da yawa a garin nan sun ɗauka fim a ƙasar Hausa daga Kano ya faro da bidiyo. Nijar ta riga. Oumarou Ganda, wanda cibiyar al'adu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972, da Le Wazzou polygame. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya sa ido kan yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya ɗauke ta ta uku, abin ya ƙare da jini. Da Zabarmanci aka yi shi, amma babu gidan da ke Maraɗi da zai ce bai gane zancen ba. Akwai Cabascabo, nasa shi ma, na tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocin da ɗan kuɗinsa, abokai suka kewaye shi har suka ƙare. Ganda da kansa ya yi wannan yaƙi, shi ya sa fim ɗin ba ya ƙarya. Akwai Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wannan tarihin ƙofar gidanmu ne: kaburburan Turawan nan biyu suna Maijirgi, kusa da Tasawa. Kuma in ka dace da Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya yi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, to ka riƙe shi da hannu biyu. Da Hausa tsantsa aka yi shi, yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai da aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Waɗannan ba kowane mai turi ke da su ba, sai ka yi cigiya, wataƙila wajen malamai da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Wahalar ta cancanta.

Sauran wurin ka cike shi da Samanja, da wasannin Yazi Dogo in an samu, da na marigayi Ibro na farko-farko, don dattijo na bukatar dariya.

Batun kile kuwa, mai giga 32 ya ishe ka. Zai ɗauki fim 20 zuwa 30 masu hoto mai kyau. Kada arha ta ja ka zuwa wanda aka rubuta wa 128 ko 256 ana sayar da shi kuɗin ƙarami. Jabu sun yi yawa: yana nuna maka babban wuri, ka zuba kaya, in ya wuce ainihin cikinsa sai ya riƙa taka na farko, ka je gida fim ya ƙi buɗewa. Na taɓa rasa hotunan bikin ƴata ta haka, abin bai bar raina ba har yau. Ka saya a shago mai ƙofa inda za ka iya komawa, ka sa mai turi ya cika shi a gabanka, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ka fara gwada fim ɗaya a telen gidanku tukuna, don wasu na nuna hoto su ƙi ba da murya.

"Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce a Ali Ɗan Sofo, yarana biyar. Kowane wata kuɗi na tafiya wajen abonma na tashoshin tele, ga kuma kowa da salularsa yana neman a sa mishi intanet don kada sabon fitowa ya wuce shi. Wanne zan riƙe, wanne zan saki? Kuma shirye-shiryen nan sun cancanci abin da ake kashe musu?"

Hajiya, ranki ya daɗe. Zan fara da tambayarki ta biyu, don ita za ta warware ta farko.

Wasu sun cancanta. Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, Daɗin Kowa ya nuna cewa za a iya yin shirin Hausa babu rawa da waƙa mutane su zauna su kalla. Almajiri, mai shaye-shaye, ɗan gudun hijira, matar da miji ya bari da yara, duk sun samu wuri a ciki. Kwana Casa'in ya taɓo siyasa da aikin jarida a jihar da aka ƙirƙira, Alfawa, ya faɗi abin da finafinan soyayya ba su taɓa kusanta ba. Zangunan farko na Labarina, na Aminu Saira, hotonsu da sautinsu sun fi duk abin da aka yi a zamanin kaset nesa ba kusa ba. Wanda ya ce babu abin kirki a sababbi bai kalla ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne ja. Fim ɗin zamanin da, mai shirya shi ya san yana da awa 2 ko 3, dole ya ƙulla ya kwance kafin a kunna fitila. Shirin da ke zaune a YouTube kuwa, kamar Izzar So da ire-irensa, kuɗinsa daga talla yake zuwa, talla kuma na bin yawan masu kallo da tsawon zamansu. Ƙare labari rufe shago ne. Shi ya sa za ki ga an yi minti 10 ana gaisuwa a falo, an maimaita abin da ya faru makon jiya, an tsaya daidai inda wani ya buɗe baki zai tona asiri. Ban zargi masu yi ba, tun da kasuwar faifai ta mutu nan ne abincinsu yake. Amma ke ma kina da ikon lissafin naki. Ɗauki shirin Turkiyya na Ertuğrul da samari ke so: zango 5, kashi 150, kowane kashi wajen awa 2. Awa 300 ke nan, daidai da kallon Mother India sau ɗari. Yaron da ke shirin jarrabawa ba shi da wannan lokacin.

Ga abin da nake yi a gidana. Sabon shiri ina ba shi kashi 3. In a kashi na uku zan iya faɗin abin da ya canza a rayuwar mutanen ciki, mu ci gaba. In har yanzu ana nan inda aka faro, an sallame shi.

To kuɗi. A ƙiyasi, awa 1 ta kallo a salula da hoto matsakaici na cin wajen mega 300, in aka ɗaga hoton ya yi tas sai ta kusa giga 1. Yara biyar kowa na kallon abu guda a ɗakinsa, kin biya kuɗin shiri ɗaya sau biyar. Ki sa babban cikinsu ya sauke sau ɗaya, ko ya karɓo wurin mai turi, a sa a tele kowa ya gani, a goge in an gama, don irin waɗannan ba a komawa kansu. Abonma kuma ki duba da gaske me ake kallo a ciki. In maigida da samari na bin ƙwallon Turai, riƙe shi yana da hujja. In tashoshin Hausa da na wa'azi da labarai ne kawai, akwai da yawa da kwano ke kamawa kyauta. Ki kira mai ɗaura kwano, ki lissafa masa tashoshin da kike so, kada ki biya shi sai kin gan su da idonki. Ribar da ta fi ta kuɗin ita ce kin san abin da ƴaƴanki ke gani, kuma in wani abu ya fito da bai dace ba kina wurin da za ki yi magana.

"Kawu, aurena ya kusa, a Tibiri za mu zauna. Kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama sosai a unguwarmu. In sayi babbar tele mai intanet ko ƙarama?"

Allah ya sa alheri, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ɗaki ɗaya inci 32 ya ishe shi, kuma wutar da take ci ba ta cika wuce wat 50 ba, ƙaramin faifan sola da batir ɗaya za su riƙe ta. Akwai masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir, ka tambaya. Mai intanet ba ta da amfani in babu intanet na gida da zai ciyar da ita. Ramin sa kile shi ne abin dubawa. Ragowar kuɗin ka sayi na'urar daidaita wuta, don dawowar kuran da ƙarfi ita ke ƙona tele fiye da ɗaukewarsa. A kunna ta a shago, ka karɓi takardar garanti da hatimin mai shagon.

"Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar kwali biyu na kaset ɗin bidiyo, finafinan Hausa na da da na bukukuwa. Ƴan'uwana sun ce a zubar, sun tare wuri."

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ƙanwata, kada ku zubar. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya faro ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, kuma cikin shekaru goma sha da suka biyo an yi ɗaruruwa waɗanda a kaset kaɗai suka fito. Irin su Sangaya da Wasila sun yi suna, ana samunsu. Ƙananan da ba su yi suna ba, mai yiwuwa kwafin da ke kwalinku na cikin ƴan kaɗan da suka rage, tunda Maraɗi na daga manyan wuraren da kaset ɗin Kano ke sauka ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Na bukukuwa kuwa babu mai su a duniya sai ku: fuskar kakanninku ce, da muryar makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya.

Zaren kaset ba ya jure zafin watan Afrilu na garin nan, ga ƙura, ga laimar damina da ke sa masa fumfuna. Ku fitar da su daga ɗakin kwano, ku jera su a tsaye a wuri mai inuwa, nesa da lasifika don maganaɗisunta na goge hoto. Wanda kuka ga farin gari a jikin zarensa kada a sa shi cikin na'ura sai mai gyara ya share shi. Ku nemi mai ɗaukar bidiyon biki na tun da, irinsu ne ke da tsohuwar na'ura da abin juyewa zuwa kwamfuta. Aikin na tafiya ne da tsawon kaset, na awa 2 sai ya ci awa 2, don haka kada ku matsa masa. Ku fara da na bukukuwa, ku yi kwafi biyu, ɗaya wurinki, ɗaya wurin babban yayanku, ku rubuta shekara da sunan mai bikin a jikin kowanne tun mahaifiyarku na iya gane fuskokin.