Tambayoyin Lafiya: Yaro Mai Galahanga Da Zaman Aji

Tambaya: Likita, da gaske allurar rigakafi ke jawo galahanga (autism), lalurar nan da ke shafar magana da cuɗanyar yaro?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, malam. Binciken 1998 da ya haifar da wannan jita-jita na bogi ne, mujallar Lancet ta janye shi a 2010. Ka kai yaronka a yi masa.

Tambaya: 'Yata tana shekara 3, ba ta waiwayowa in an kira ta.

Amsa: A fara gwada jinta, sannan likitan yara ya duba ta. Kada ki ce sai ta girma.

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 yana da galahanga. A aji toshe kunne yake yi yana ihu, malaminsu na zane shi wai taurin kai ne. Dangi sun ce in cire shi a yi masa hayaƙi da jiƙo.

Amsa: 'Yar'uwa, dukan nan a dakatar da shi yau. Yaronki ba taurin kai yake ba. Hayaniyar aji, ƙarar ƙararrawa, jan kujeru, duk a kunnensa azaba ce, bakinsa kuma ba ya iya faɗa, sai ihu.

Hayaƙin kuwa, haba jama'a! Galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, hayaƙi ba ya kai wa can, huhu kawai yake ɓatawa. Jiƙon da ba a san me ke ciki ba yana iya taɓa hanta da ƙoda. In an riga an ba shi, ki kai shi asibiti.

Kafin cire shi, ki zauna da shugaban makarantar. A ba shi wurin zama ɗaya nesa da ƙofa, a jera masa ayyukan ranar da hotuna don ya san abin da ke tafe, a ware masa lungu mai shiru. Umarni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya. Yara da yawa da wannan kaɗai suke zaunuwa. In abin ya faskara, ki nemi aji mai yara kaɗan ko makarantar masu buƙata ta musamman, amma ki je da ƙafarki ki ga yadda suke yi da yaro in ya rikice. Inda kika ga bulala ko ɗauri, juya. Karatun gida ma hanya ce, muddin yana cuɗanya da yara kuma ƙwararren koyar da magana na ganinsa.

Farfaɗiya ta fi yawa ga irin waɗannan yara. In kika ga ya ƙame yana zare ido ko ya faɗi yana jijjiga, asibiti nan take.

Tambaya: Mai galahanga na iya kai wa jami'a?

Amsa: Wasu suna kai wa, wasu sana'ar hannu ta fi musu. Likitan da ke bibiyarsa zai taya ku auna inda ƙarfinsa yake.