Ku Tambaya Mu Amsa: Wai rushe Mapo aka yi aka sake ginawa?

TAMBAYA: Salam Malam, ni daga Sabo nake a Ibadan, anan aka haife ni. Duk sanda naje Oja'ba sayayya sai na ɗaga kai na kalli ginin nan na Mapo mai manyan ginshiƙai a saman tudu. Wani yace min fadar sarki ce, wani kuma yace ai na da ɗin an rushe shi wannan sabo ne. Dan Allah wanne ne gaskiya?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar uwa. Duka biyun basu faɗa miki daidai ba. Mapo ba fada bace, zauren taron gari ne da akayi zamanin Turawa, a 1925 Kyaftin Ross wanda shine Razdan na lardin Oyo ya aza harsashinsa, injiniyan da ya tsaya akan aikin kuma Robert Jones ne, mutanen gari suna ce masa Taffy, aka gama a 1929 akan kuɗi fam dubu 24. A lokacin kuwa ba ƙaramar dukiya bace.

Mai cewa fada ce nasan inda ya samo, a Mapo ake naɗin Olubadan wato sarkin Ibadan, ko Rashidi Ladoja da aka naɗa na 44 a Satumbar 2025 anan akayi taron. Amma sarki baya kwana ciki.

Maganar rushewa kuma babu ita. Ginin ya tsufa ne ya sha ruwa da rana ya fara lalacewa, sai gwamnatin jihar Oyo zamanin Gwamna Alao-Akala ta gyara shi aka sake buɗewa a 2007, ginshiƙan da kike gani sune dai na tun farko. Ni wallahi wannan ne yake burge ni, don da an biye wa masu son sabon abu da tuni an kawo katafila an share wajen an dasa shaguna. Abinda ya cece shi a ganina shine ba'a taɓa kulle shi an watsar ba, yau taron siyasa gobe biki jibi naɗi, gini kuwa in ana shiga ana fita da wuya rufi ya fara yoyo ba'a ga mai magana ba.

In kin koma kasuwa ki daure ki hau har saman tudun da la'asar, ki tsaya a matakalar gaba ki kalli ƙasa, zaki ga rufin kwanon tsohon gari yayi jajawur da tsatsa har iya ganinki.