Kolajin, Jijiya da Masu Kiran Komai "Ƙarfi"

Wani ɗalibin likitanci daga Zariya: Malam, ina fassara darasi kan ƙera jijiyar jini da kolajin. Me zan kira kolajin? Kuma daidai ne in ce jijiyar da aka ƙera "tana da ƙarfi"?

Bar shi kolajin, ɗana. Asalinsa Girkanci ne, daga kalmarsu ta abin manne. In kana son ganinsa, dafa ƙafar saniya ka bar romon ya huce. Daskarewar nan kolajin ne da wuta ta narkar.

Amma wannan "ƙarfin" naka ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Yaran yanzu komai ƙarfi: katako ƙarfi, igiya ƙarfi, har tuwon da ya kwana ƙarfi! Ina kuka kai tauri, ƙwari da danƙo? Busasshiyar fata tauri gare ta, ba ta lanƙwasuwa. Igiyar kiri ƙwari gare ta, ja iya ƙarfinka ba za ta tsinke ba. Danƙon harbin tsuntsu kuwa ya miƙe ya koma. Majemi da baduku ba sa haɗa waɗannan, sai mai digiri.

Jijiyar jini ba ta son tauri. Ƙwari take so daga kolajin don kada ta fashe, da danƙo daga wani sinadari, ilastin, don ta buɗe ta koma da kowane bugun zuciya. A 1986 wasu masana biyu, Weinberg da Bell, suka ƙera jijiya a Amurka da kolajin da ƙwayoyin jijiyar shanu, sai ta rasa ƙwari, dole suka ɗaure ta da ragar zaren roba mai suna Dacron. Dalilin duk wahalar kuwa, bututun roba da ake sawa a madadin jijiya yakan toshe da gudan jini idan faɗinsa bai kai milimita 6 ba. Rubuta "ƙwari", don Allah.

Wata malama daga Maraɗi: "Jini ya fi ruwa kauri" karin maganarmu ce?

Tana warin Turanci, 'yar'uwa. Tamu ita ce: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Daga Kumasi: Jijiya ta jini ce ko ta motsi?

Duka biyun, har da ta agara. Sai ka fayyace.

Daga Garwa: Mene ne "ta da jijiyar wuya"?

Musu da zafin rai. Je tasha ka kalli wuyan kwandasta lokacin da ake rigimar canji.