Tambayoyinku: Abin da Ya Kamata Ya Fara Fitowa Idan An Buɗe Manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke koyon haɗa manhajojin waya, kuma kwanan nan na kammala ta farko, wadda mutum zai riƙa rubuta kuɗin da ya samu da waɗanda ya kashe a cikinta. Na tsara ta yadda da zarar an taɓa ta, tambarina zai fito yana juyawa tare da wani ɗan take, ya tsaya daƙiƙa 5 kafin a shiga ciki. Waɗanda suka gwada sun ce yana da kyau, amma yana gundurar su. In rage lokacin ne, ko in ƙara masa ado?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara basira. Kada ka ƙara ado, kuma rage lokacin ma bai wadatar ba, domin abin da ya dace shi ne ka cire ƙidayar lokacin gaba ɗaya. Idan mutum ya taɓa manhajar da ba ta cikin aiki, sai wayar ta ware mata wuri a ma'adanarta, ta ɗora umarnonin da ka rubuta, ta zana shafin farko, kuma duk wannan yana cin ɗan lokaci. An ƙirƙiri allon buɗewa, wato abin da ke fitowa kafin a shiga manhaja, domin kada mutum ya zura wa fili ido a wannan tsakanin har ya zaci wayarsa ta tsaya. Labule ne da ake saki kafin a gama gyara ɗaki, ana gamawa kuwa sai a ɗage. Saboda haka nauyin manhajar ne ke yanke tsawonsa, ba sha'awar mai zane ba.

Dubi irin manhajar da ka haɗa. Mai amfani da ita zai buɗe ta ne a tsaye, cikin hanzari, domin ya rubuta abin da ya saya kafin ya manta, kuma zai yi hakan sau da dama a yini. Tambarin da ya burge shi ranar farko zai zame masa shinge kafin mako ya zagayo. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da na'urori, ya yi bayani a 1993 cewa abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin sa kamar nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani, amma idan jira ya kai daƙiƙa 10 hankalinsa ya koma wani wuri. Ma'aunin da Google ke duba lafiyar manhajojin Android da shi yana ɗaukar daƙiƙa 5 ko fiye a matsayin jinkirin da ya wuce kima idan daga tushe aka tayar da manhaja, daƙiƙa 2 idan akwai ragowarta a ma'adana, sannan daƙiƙa ɗaya da rabi idan dawo da ita kawai aka yi. Ka ga ke nan da hannunka ka kai manhajarka daidai iyakar da ake kira matsala. Kamfanin Apple ya ma fi tsanantawa, domin a taronsa na masu haɗa manhaja na 2019 ya ba da shawarar shafin farko ya bayyana cikin milisakan 400, wato ƙasa da rabin daƙiƙa.

Aikin da ke gabanka yana bayan allon ne. Ka binciki abin da manhajar ke yi a lokacin tashi, za ka tarar da abubuwan da za su iya jira, kamar ɗauko bayanai daga intanet, da kunna kayan ƙididdigar masu amfani, da buɗe hotunan da sai an shiga shafi na uku za a gan su. Duk waɗannan a jinkirta su har sai mutum ya shiga. Idan shafin farko yana jiran bayanai, ya fi kyau a nuna ƙwarangwal ɗinsa, wato akwatuna masu launin toka a gurbin rubutu da hotuna, a kan a tsare mutum yana kallon tambari. Gwaji kuma a yi shi a tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi, domin wayar mai haɗa manhaja yawanci ta fi ta masu amfani da ita gudu, kuma hakan ya yaudari mutane da yawa.

Tambaya: Malam, ni mai zane ce. Na zana allon buɗewa mai hoto da ya cika fuskar waya da rubutun maraba, amma a sababbin wayoyin Android sai wani allo mai tambari ya riga nawa fitowa, su zama biyu. A iPhone kuma abokin aikina ya ce ƙa'ida ba ta son rubutu a wurin. Ina mafita?

Amsa: Malama, abokin aikinki ya faɗi gaskiya, allo biyun da kike gani kuma ba kuskuren wayar ba ne. Tun daga Android 12, wanda ya fito a 2021, tsarin wayar da kansa yake nuna allon buɗewa ga kowace manhaja, ko mai ita ya so ko bai so ba. Yana ɗaukar alamar manhajar ya ajiye a tsakiya, a kan launi guda ɗaya da ya rufe fuskar. Duk wanda ya riga ya gina nasa shafin na daban, to nasa zai biyo bayan na tsarin, mutum ya yi jira biyu. Mafita ita ce a cire tsohon shafin, a yi wa na tsarin kwalliya, kuma akwai kundin umarnoni mai suna core-splashscreen da Google ya tanada domin tsofaffin wayoyi su ma su nuna iri ɗaya.

A matsayinki na mai zane, ma'aunai ne za su fi yi miki amfani. Idan alamar tana da nata bango, wato launin da ke bayanta, girmanta 240 ne a tsaye da kwance da ma'aunin dp, wanda ake auna girman abu a fuskar wayar Android da shi, kuma dole ainihin zanen ya shige cikin da'ira mai faɗin 160. Idan ba ta da bango, girman 288 ne, da'irar kuma 192. Abin da ya fita daga da'irar za a yanke shi, shi ya sa tambura masu dogon rubutu ke fitowa a gutsure. An yarda alamar ta yi motsi, amma shawarar ita ce kada motsin ya wuce daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma ɗan gurbi a ƙasa na sunan kamfani, sai dai Google ɗin da ya samar da shi ba ya ƙarfafa a yi amfani da shi.

Apple ya bi wata hanya dabam, wadda ni a ganina ta fi hikima ko da yake masu kamfanoni ba sa son jin ta. Ƙa'idarsa ita ce allon buɗewa ya yi kama da shafin farko na manhajar matuƙa, da launinsa da sandunansa na sama da ƙasa, amma babu komai a ciki, ta yadda idan ainihin shafin ya bayyana mutum zai ji kamar tun farko a buɗe yake. An hana rubutu ne saboda allon a daskare yake, ba ya bin harshen da mai waya ya zaɓa, sai mai karanta Larabci ko Faransanci ya tarar da maraba da harshen da ba nasa ba. Tun 2020 kuma Apple ya daina karɓar hotuna tsayayyu na kowane girman waya, ya wajabta tsari guda mai miƙewa da tsukewa daidai da fuskar da ya samu.

Abu ɗaya da masu zane ke yawan mantawa shi ne yanayin duhu, wanda ya zo wa Android 10 da iOS 13 na iPhone a 2019. Wanda ya mayar da wayarsa baƙa da dare, farin allo ya haske masa ido kafin manhaja mai duhu ta buɗe, ba zai gode miki ba. Ki tanadi launi biyu, kowanne ya dace da bangon shafin da zai biyo baya.

Tambaya: Ko ya halatta a sa talla ko bayanin yadda ake amfani da manhaja a allon buɗewa?

Amsa: Allon da tsarin waya ke nunawa ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu, domin a lokacin manhajar ba ta gama tashi ba, balle ta ɗauko talla daga intanet. Abin da ake gani a wasu manhajoji shafi ne na daban da aka ƙara bayansa, kuma kowace daƙiƙa da ya ci jira ne da aka ɗora wa mai amfani. Bayanin koyarwa yana da muhallinsa, wato karon farko da aka buɗe manhajar, tare da maɓallin tsallakewa a inda ido zai gan shi, kuma kada ya sake fitowa sai idan mutum ya neme shi a saituna.