Amsa ga mai tambayar kamun kifi a Aberdeen

Wa'alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, ka ce tun watan Mayu ka sayi sandar fatsa kana ta jeka-ka-dawo a bakin teku ko ɗan tsurut ba ka kama ba, yanzu kuma wani ya ba ka shawarar ka koma kogin Dee ko Don tunda a Sikotland ba a yankar lasisi. Wallahi raina ya sosu, don irin wannan shawarar ce ta taɓa jefa ni cikin kunya. Don Allah kada ka je tukuna.

Maganar lasisi gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa maka. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya yanki lasisin fatsa kafin ya kama kifi a kogi ko tafki, nan kuwa babu wannan. Sai dai kowane yanki na kogi yana da mai shi, kuma kifayen da ake kira salmon da tirawut ɗin teku ba a taɓa su sai da rubutaccen izini. Dokar kamun kifi ta Sikotland ta 2003 ta haɗa har da kama su a cikin teku, kilomita 1.5 daga gaɓa. Ranar Lahadi ma an hana kama su gaba ɗaya, ko da takarda a aljihunka.

Ni wani da muke aiki tare ne ya kai ni, mutumin da ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, nake ganinsa kamar yayana. Ranar Lahadi ce a watan Yuni, ya ɗauke ni da yarona zuwa inda wani kogi yake shiga teku a arewacin gari. Na tambaye shi zancen takarda, ya ce haba, ai nan teku ne. Shi ya ɗaura min ƙugiyar da hannunsa. Muna cikin jifa sai ya jingina sandarsa ya ce bari ya ɗauko shayi a mota. Ashe ya hango masu gadin kogi tun daga nesa! Su biyu ne, da dogayen takalman roba, ɗaya riƙe da ɗan littafi. Ba su ɗaga murya ba, kuma wannan sanyin muryar ya fi zagi ciwo. Suka nemi izinina, na waiga, ga mutumin can cikin mota ya sunkuyar da kai yana danna waya, kamar bai taɓa ganina ba a duniya. Suka yi min bayanin doka, suka ce suna da ikon karɓe kayana, suka rubuta sunana da adireshina, sannan suka sallame ni da gargaɗi. Masu yawo da karnuka sun tsaya suna kallo. A hanyar komawa yaron ya matso ya ce min a hankali, Baba, sata muka yi? Har yau in na tuna tambayar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Makonni ina ɗar-ɗar da duk ambulan ɗin da aka zuro ta ƙofa, ka san halin da muke ciki da takardun zama. Shi kuwa gogan ranar Litinin dariya yake yi a wurin aiki, yana ba mutane labari wai na firgita. Daga baya na ji an taɓa yi masa gargaɗi a daidai wurin. Ko haƙuri bai ba ni ba. Na bar shi da Allah.

To, batun rashin kamunka. Ba hannunka ba ne, ka yi sammako ne kawai. A watan Mayu tekun nan da sauran sanyi, makarel, taitus ɗin nan dai da ka sani, ba ya matsowa gaɓa sai ruwa ya ɗan yi ɗumi, daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli, wata shekarar ma ya makara. In ya zo ba ka buƙatar koto ko kaɗan. Ka sayi jeren ƙugiyoyin nan masu gashi da ƙyalli, ka ɗaura dalma a ƙasa, ka jefa da nisa, ka riƙa jawowa kana ɗagawa kana saki. Garke suke tafiya, sai ka ji sandar tana karkarwa, ka fito da uku ko huɗu a jifa guda, bayansu kore da baƙin zane yana walƙiya. Wannan kamun ba ruwanka da izinin kowa. Wanda bai kai santimita 30 ba ka mayar da shi, ma'aunin tekun nan namu ke nan. Kuma ka tafi da ƙanƙara, don makarel ba ya jure zafi, kafin ka iso gida ya yi laushi.

Ka riƙa duba jadawalin cikar teku a waya. Sau biyu take cika a rana, kullum tana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ni na fi samu in ruwa yana tahowa, musamman in ya dace da yamma. A Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, mutum ya tashi aiki, ya yi la'asar, ya yi kamunsa a tsanake kafin magariba. Wajen Stonehaven, garin bakin teku da ke kudu da Aberdeen, ka fara, in ka ga tsuntsaye suna faɗawa ruwa wuri guda to kifi yana ƙarƙashinsu.

Ka ce da yara za ka je. Malam, ka raba su da duwatsun nan masu gansakuka, santsi gare su, igiyar ruwa kuma ba ta sallama. Ka saya musu rigar ceto. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 za ka kira ka ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓar teku. Kada su taka yashi ba takalmi in ruwa ya janye, akwai wani ɗan kifi mai ƙaya a baya da yake binne kansa, harbinsa da zafi sosai, maganinsa a tsoma ƙafar a ruwan zafi daidai jurewa.

In kuma ruwan daɗi ranka yake so, akwai tafkunan da ake zuba tirawut, ka biya kuɗin wuni a ƙofa, wasu har sanda suke bayarwa haya, yara sun fi jin daɗin can. Tirawut ɗin kogi lokacinsa daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba ne, shi ma ka shiga shagon kayan fatsa ka tambayi inda ake sayen izini, a ba ka takarda ka riƙe. Salmon ɗin Dee kuwa ni ban ga abin wahala ba, kuɗi mai yawa, in ka kama ma sakinsa za ka yi. Asabar mai zuwa in iska ta kwanta zan fita, ka yi min magana ta gefe, ina da ragowar dalma da ƙugiyoyi, kada ka sayi komai.