Yis nawa ƙullun fanke yake buƙata?

Wata baiwar Allah mai soya fanke a bakin makarantar firamare ta aiko da tambaya: "Kilo 5 na fulawa nake kwaɓawa kullum, yis kuma da ido nake zubawa. Wata rana fanken ya yi kyau, wata rana ya yi tsami da wari kamar na giya, ya shanye min mai. Nawa ya kamata in sa?"

Hajiya, busasshen yis na leda ake sa wa gram 10 a kowane kilo ɗaya na fulawa, wato kusan ƙaramin cokalin shayi uku a shafe. Kilo 5 ɗinki gram 50 ya ishe shi. Ledar nan mai gram 500 kuwa ya kamata ta kai ki kwana goma, ta cinye buhu guda mai kilo 50. In tana ƙarewa kafin haka, kin san inda kuɗinki ke zurarewa.

Warin da kike ji yana da dalili. Yis sukari yake ci, ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, tare da ɗan barasa da ke tashi a wuta. In ya yi yawa, ko ƙullun ya daɗe a zafi, sai ya ruɓe wa kansa: ya yi tsami, ya saki jiki, ya riƙa zuƙar mai a kasko. Asarar da ta fi damuna ke nan, domin yis ɗin da kika ɓarnatar bai kai kuɗin man ba, balle yaran da za su koma wajen maƙwabciyarki.

Ki lura da yanayi. A zafin Maris da Afrilu ki rage zuwa gram 7 a kilo, ki ajiye robar a inuwa. Da hunturu kada ki ƙara yis, lokaci za ki ƙara masa, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi wanda yatsa zai jure. Ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi.

Ki sayi ƙaramin sikeli, ko ki je wajen mai shago ya auna miki gram 50 sau ɗaya, ki sa alama a jikin wani kofi. Ledar da kika buɗe kuma ki juye ta a kwalba mai murfi. Duk ranar da kika yi shakkar ta, ki jiƙa cokali ɗaya a ruwan ɗumi da ɗan sukari. In bai yi kumfa cikin minti 10 ba, kada ki haɗa shi da fulawarki.