Allo biyu masu bambancin girma: zai yi aiki

Malam, ka tambaya ko allon kwamfuta mai ɗigon hoto 2560×1440 zai zauna da tsohon 1920×1080 naka. Zai zauna lafiya lau. Ka jona su duka biyu a katin hoto (graphics card, mai sarrafa hoto), ba a ramukan uwar kwamfuta (motherboard) ba. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Babban ka jona shi da wayar hoto ta DisplayPort, ka maida shi allo na farko (main display) a saitin Windows, domin can wasa ke buɗewa. Ka duba saurinsa ma, wato sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa (Hz); sau da yawa Windows kan bar shi a 60Hz ko da yana kai 144Hz. Girman rubutu kuwa, 125% ga babban, 100% ga ƙaramin. Da zafin Damagaram ɗin nan, kashe ƙaramin in wasa ya yi nauyi.